Wa ya taɓa gwada maganin gargajiyar Chaina a kan ƙwannafin da ba ya jin magani?

Ummu_Sajida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema daga wanda ya sani ko ya taɓa gwadawa da kansa. Yau kusan shekara uku kenan ina fama da ƙwannafi, ba irin wanda mutum kan yi sau ɗaya in ya ci abu mai maiƙo ya wuce ba, nawa kusan kullum ne musamman da daddare. Sai in kwanta lafiya lau, can wajen ƙarfe biyu in farka wani ruwa mai tsami ya taso min har maƙogwaro, ƙirjina kamar an zuba garwashi, in tashi zaune in jingina da bango ina tari ina haɗiyar yawu har barci ya sake ɗaukata a zaune. Da safe murya a dishe, baki da ɗaci. Likita ya ce asid ɗin ciki ne ke dawowa sama, ya ɗora ni a kan omefrazol, kuma gaskiya in ina sha ina samun ɗan sauƙi ba zan ɓoye ba, amma da na daina kwana uku ko huɗu sai abin ya dawo har ya fi na da zafi. Wallahi na gaji da shan ƙwaya kullum, ga shi na karanta cewa in aka daɗe ana shanta tana rage wasu sinadarai a jiki, duk hankalina ya tashi.

To wata ƙawata ce ta turo min bidiyo na maganin gargajiyar Chaina, wai su ba danne ciwo suke ba, daga tushe suke cire shi, akwai saiwoyin da ake dafawa a sha akwai kuma allurai da ake sossoka wa mutum a jiki. Da gaske yana aiki? Zan iya ajiye omefrazol ɗin in koma shi gaba ɗaya? Sannan wanda ake tallatawa a intanet cikin leda da rubutun Chaina da ban iya karantawa ba, ana iya yarda da shi? Shekarata 38, ba ni da hawan jini ba ni da suga, sai dai na ƙara jiki sosai bayan haihuwata ta ƙarshe. Na gode.

Sani_Guangzhou:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni na gwada, kuma a can Chaina ɗin na gwada don na zauna a Guangzhou shekaru, bari in faɗa miki abin da idona ya gani sai ki auna da kanki.

Abu na farko da ya ba ni mamaki, wurin da abokin aikina ɗan ƙasar ya kai ni asibiti ne sosai mai hawa-hawa, da layi da kati da ɗakin gwaje-gwaje, likitan kuma sanye da farar riga, ya yi shekara biyar a jami'a yana karanta wannan fannin. A can karatu ne da gwamnati ta tsara, tun 1956 aka buɗe manyan makarantunsa a Beijin da Shanghai da Chengdu da Guangzhou. Da na zauna ya ce in fito da harshe, ya daɗe yana kallo har ya ce in ɗaga ya ga ƙasansa, sannan ya ɗora hannuna a kan wani ɗan matashi ƙarami ya sa yatsu uku a wuyan hannun yana jin bugun jini, dama ya gama ya koma hagu. Sai tambayoyi, abokina na fassarawa, bakina yana ɗaci ne ko tsami, ina son ruwan sanyi ko na ɗumi, ina saurin fushi, in raina ya ɓaci ciwon yana tashi, yaya bayan gida yake. Ya kai minti ashirin a kaina.

Yadda suke fahimtar abin shi ne, a wurinsu akwai wani ƙarfi da ke yawo a jiki da suke kira qi, ana furta shi kamar ci, kuma na tumbi hanyarsa ƙasa ce, in ya juya ya yi sama shi ne gyatsa da tashin zuciya da tasowar tsami. Ni ya ce nawa hanta ce ke takura wa tumbi, kuma ki lura in sun ce hanta ba lallai hantar da likitan asibiti yake gwadawa suke nufi ba, wani tsari ne nasu da suka haɗa shi da damuwa da ɓacin rai. Shi ya sa mutum biyu za su zo da ƙwannafi iri ɗaya a ba su magani daban-daban, wani a ce zafi ya yi masa yawa wani a ce sanyi ne da raunin saifa. Daga nan kaɗai kin ga matsalar ledar intanet, wanda ya haɗa ta bai taɓa ganin harshenki ba.

Abin da ya rubuta min tushensa wani tsohon haɗi ne mai suna Banxia Xiexin Tang, yana cikin littafin Shanghan Lun na Zhang Zhongjing wanda aka rubuta wajen shekara ta 200 miladiyya, abu bakwai ne a ciki har da busasshiyar citta da jinsen da wata saiwa rawaya mai bala'in ɗaci da ake kira huang lian. Ya ƙara min da ƙashin wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, fari fat mara nauyi, in kin kankare shi da farce sai ya zama gari. Asibitin suka dafa suka ƙulla min a ƙananan leda, in ɗumama ɗaya safe ɗaya yamma. Ɗaci kam sai wanda ya sha, har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Amma ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Wannan likitan dai da ya duba harshena, shi ne ya tura ni hawa na sama aka zura min kyamara ta baki aka leƙa cikin, kuma ya ce kar in kuskura in daina ƙwayar da nake sha, tare ya haɗa min su. Bayan kamar wata biyu kumburin ciki da yawan gyatsa sun ragu sosai, wannan kam na shaida, na kuma rage ƙwayar a hankali. Sai dai a lokacin ne kuma na daina cin abincin dare ƙarfe sha ɗaya na daina taba, to tsakani da Allah ba zan rantse miki cewa saiwar ce kaɗai ta yi aikin ba. Kuma har yanzu in na yi ganganci yana tasowa.

Baban_Khalifa:

'Yata ki ji tsoron ledar nan da ba ki san me ke ciki ba. Ni na saya a intanet, garin shayi ne wai na wanke tumbi, mai zaƙi-zaƙi daɗin sha, safe da yamma nake kaɗawa har na ƙara yawan cokalin da kaina don na ga kamar yana min daɗi a ƙirji. Ban kai wata biyu ba takalmina ya daina shiga, in na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, ga ciwon kai ga kasala ƙafafuna kamar ba nawa ba. Da aka auna ni jinina ya hau sosai, kuma wani gishirin jiki da ake kira fotasiyam ya yi ƙasa. Likitan ta ce in kawo duk abin da nake sha, aka samu wanda ya karanta rubutun, ashe rabin garin wata saiwa ce mai zaƙi da suke kira gan cao, wadda Turawa ke ce wa likoris. Da na daina, cikin 'yan makonni kumburin ya saɓe. Ba na ce maganinsu duka banza ba ne, ni dai na sha ba bisa ƙa'ida ba kuma ba wanda ke duba ni, na ji a jikina.

Haruna_Famasi:

Allah ya ƙara lafiya Baba, abin da ya same ka sananne ne a aikinmu, likoris in ya yi yawa yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotasiyam. Kuma yana cikin haɗe-haɗen Chaina da yawa, har wanda Malam Sani ya sha akwai shi, bambancin shi ne awo da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha.

Hajiya Ummu Sajida, ni harhaɗa magunguna na karanta, bari in ɗan yi bayani ko da zai yi tsawo. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka kamar zobe, aikinta ta buɗe abinci ya wuce ta rufe. A masu irin ciwonki zoben nan yana sakewa a lokacin da bai kamata ba, ko kuma saman tumbin ya ɗan turo ta cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ƙiba da juna biyu da cika ciki dam duk suna ƙara matsi daga ƙasa. Omefrazol ba ya gyara zoben, rage asid ɗin da tumbi ke yi kawai yake, shi ya sa ƙawarki ta ce dannewa yake, kuma ta wani ɓangaren tana da gaskiya. Sai dai wannan ragewar ita ke ba wa bututun damar warkewa daga ƙunar da asid ke masa, ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da kika ce kuma in kin daina kwana uku yana dawowa fiye da da, wannan ma an san shi, in an daɗe ana sha aka tsaya farat ɗaya tumbi yana ramuwar gayya ya zubo asid da yawa na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Shi ya sa a hankali ake janye shi, wani lokaci a cike gurbin da wata ƙwayar rage asid mai suna famotidin ko ruwan maganin nan mai kauri irin Gaviscon. Maganar sinadarai gaskiya ce, shan shekaru yana iya rage magnesiyam da bitamin B12 a wasu mutane, amma abu ne da ake gwadawa a jini a gyara.

Yanzu na Chaina. Ni ba na cikin masu cewa duk ƙarya ne. Ƙashin dabbar tekun da Malam Sani ya ambata yawancinsa kalsiyam kabonet ne, wato dai sinadarin da ke cikin ƙwayoyin ƙwannafi da ake taunawa, dole ya kashe kaifin asid, su ma sun gano hakan tun da daɗewa ta hanyar gwaji. Akwai wani haɗin da suka fi yawan bayarwa a kan tasowar tsami, Zuojin Wan, abu biyu ne kawai, huang lian kashi shida da wu zhu yu kashi ɗaya, ana jingina shi ga Zhu Danxi wanda ya rasu a 1358. A Japan kuma likitocin asibiti da kansu suna rubuta wani haɗi mai suna rikkunshito wanda asalinsa daga Chaina ne, an yi bincike a kansa an ga yana taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri. A ɓangaren allura, akwai binciken da aka wallafa a 2007 daga Arizona ta Amurka, mutum 30 ne waɗanda ƙwaya sau ɗaya a rana ba ta ishe su ba, aka ninka wa rabi ƙwayar, rabi kuma aka bar su a kan yadda suke sha aka ƙara musu da allura na sati huɗu, kuma masu allurar sun fi samun sauƙi. Abin sha'awa ne, amma ki duba abu biyu, mutum 30 sun yi kaɗan a yanke hukunci, sannan ba wanda aka cire wa ƙwayarsa, ƙari aka yi a kai. Yawancin binciken da ake da shi a wannan fannin haka yake, ƙanana ne na gajeren lokaci.

Inda nake da zafi shi ne sayen abin da ba a san asalinsa ba. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba, saboda an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna wadda ke ɗauke da guba mai suna aristolokik asid, wasu sai da aka yi musu dashen ƙoda wasu kuma daga baya kansa ta kama su a hanyar fitsari. Ita kanta saiwar ban xia da ke cikin haɗin Malam Sani ɗanyarta guba ce, sai an sarrafa ta da citta ko alif kafin a ba wa mutum. Huang lian ba a ba wa mai ciki ko mai shayar da jariri, wasu saiwoyin kuma irin dan shen suna karo da warfarin, maganin hana jini daskarewa, su sa jini ya ƙi tsayawa. Kin ga ashe ba abin da za a kaɗa a kofi don an gani a bidiyo ba ne.

Ibn_Adamu22:

Ni fa ina ganin ku masu boko kuna cika tsorata mutane. Maganin zazzaɓin cizon sauron da duk duniya ke sha yau ba daga tazargaden Chaina aka samo shi ba? Matar da ta gano shi Tu Youyou har kyautar Nobel aka ba ta a 2015, kuma a tsohon littafinsu ta samo hanyar. Hukumar lafiya ta duniya ma ai ta sa maganin gargajiyarsu a kundinta. Mutanen da suka yi shekara dubu biyu suna abu ba za a ce ba su san me suke ba. 'Yar uwa ki gwada kawai, waraka ta Allah ce.

Haruna_Famasi:

Ɗan uwa maganarka ta Tu Youyou gaskiya ce ɗari bisa ɗari, kuma ni ma ina girmama matar nan ƙwarai. Amma ka tuna ita da abokan aikinta sun tace haɗe-haɗe masu ɗimbin yawa waɗanda ba su yi aiki ba kafin su dace da wannan ɗayan, sannan aka ciro sinadarin aka gwada shi aka san awonsa. Ganye ɗaya ya ci jarrabawa a kan maleriya bai zama shaida ga wata leda daban a kan ƙwannafi ba. Kundin da ka ambata kuma, wanda aka amince da shi a 2019, babi aka ware don a iya rubuta sunayen cututtuka yadda masu wannan fannin ke kiransu saboda ƙididdiga, hukumar da kanta ta ce hakan ba tabbatar da ingancin maganin ba ne. Ban hana ta gwadawa ba, cewa na yi ta gwada a hannun wanda ya karanta abin, likitanta kuma ya sani.

Ummu_Sajida:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wallahi labarinka ya sa na fasa, har na sa ledar a kwandon saye saura in biya. Malam Haruna abin da ka faɗa na ramuwar asid shi ne daidai abin da ke faruwa da ni, ni duk a zatona ciwon ne ke ci gaba. Tambaya ɗaya, ni da daddare nake shan ƙwayar bayan na ci abinci tunda lokacin ne yake damuna, daidai ne? Sannan akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauke shi komai ba, 'yan watannin nan in na haɗiyi abu mai tauri kamar nama sai in ji ya tsaya min a tsakiyar ƙirji sai na kora da ruwa. Ba a taɓa min wannan na kyamarar ba, tsoronsa nake ji.

Sista_Rabi:

Ummu Sajida ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba amma wannan maganar taki ta ƙarshe ita ce ta fi komai muhimmanci a duk zaren nan. Abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji ba abin da ake jira ba ne, dan Allah cikin satin nan ki koma wurin likita ki faɗa masa da bakinki kamar yadda kika rubuta mana. Sau da yawa asid ne ya daɗe yana ƙona wurin har ya yi tabo ya tsuke, kuma ana buɗa shi, amma ba mai iya sani sai an leƙa, ba harshe ba bugun jini da zai nuna wannan. Haka in kin ga kina ramewa ba dalili, ko amai da jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi da gumi, wannan na ƙarshen ma asibiti ne a take don zuciya tana iya yin kama da ƙwannafi. Kyamarar kuma kar ta ba ki tsoro, na tsaya a kan mutane da yawa ana yi musu, za ki zo ba ki ci komai ba, a fesa miki maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba ki na barci kaɗan, ki kwanta ta gefen hagu, yawanci ko minti sha biyar ba a kaiwa. Ki roƙa a duba miki H. pylori, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, a lokaci guda.

Shan ƙwayar kuma ba daidai kike yi ba, kuma mutane da yawa haka suke. Omefrazol da safe ake sha ciki ba komai, minti talatin zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, don ya riski tumbi a lokacin da zai fara zubo asid. Wata ƙila rabin wahalarki daga nan take. Ki bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ki ɗaga ƙafafun gadon ta wajen kai da katako ko bulo kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo ba ya yi don lanƙwasa ki yake ya ƙara matse cikin, ki riƙa kwanciya ta hagu. Jikin da kika ce kin ƙara ma in kin rage ko kaɗan ne za ki ga bambanci. In an leƙa an ga ba wani abu, kina son ki haɗa da allurar Chaina ni ba ni da ja, ki dai tabbatar sabuwar allura ce aka ɓare a gabanki.

Sani_Guangzhou:

Sista ta gama magana, ki bi abin da ta ce, ni ma sai da aka leƙa nawa kafin komai. Kafin nan ga wani abu da likitan can ya koya min wanda ba sha ake ba. Ki juya tafin hannunki sama, ki jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu, daidai inda na ukun ya tsaya a tsakiya za ki ji jijiyoyi biyu, tsakaninsu akwai ɗan rami, sunan wurin neiguan. Ki danna da babban yatsa kina murzawa a hankali kamar minti biyu sannan ki koma ɗaya hannun. An fi saninsa da rage tashin zuciya, ni dai in gyatsa ta dame ni bayan cin abinci ina yi kuma ina jin daɗinsa, amma ba zai buɗa miki inda abinci ke tsayawa ba. In kin je an duba ki dawo nan ki faɗa mana abin da aka gani, muna jira. Allah ya sa a ji alheri.